Yadda Ake Haɗa Wayoyin Sigina a Shimfiɗar Ƙananan Jiragen Ƙasa Mai Aiki da DCC

Tsarin DCC, wato sarrafa ƙananan jiragen ƙasa da umarnin dijital ta cikin dogo, ya samo asali daga aikin kamfanin Lenz na Jamus a shekarun 1980, daga baya ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'idar da kamfanoni daban-daban ke bi. A wannan tsari wuta ba ta yankewa daga dogo, kuma a cikinta ne umarni ke tafiya zuwa ga kowace dikoda, wato ƙaramar na'urar da ke karanta umarnin ta aiwatar, bisa adireshinta, ko ta kan jirgi ce ko ta sigina. Saboda haka mai sabon hannu yakan ɗauka cewa da ya maƙala sigina, wato fitilar ba jirgi hannu, a dogo aiki ya ƙare, alhali kuwa sai an tanadar mata wutar da za ta ci, da umarnin da za ta bi, da kuma labarin inda jirgi yake, kowanne ta hanyarsa.

A fara da wuta. Dogo na ma'aunin HO, wato 1:87, yakan ɗauki volt 14 zuwa 16, kuma wutar tana juya fuska sau dubbai a daƙiƙa guda, don haka ba a jona fitilar LED kai tsaye a kanta. A nemi adafta ta daban mai ba da volt 12 na wutar da ba ta juyawa, a ja wayoyinta biyu ƙarƙashin teburin shimfiɗar da launin da ya bambanta da na wayoyin dogo. Yawancin dikodojin sigina suna da mashigai biyu, ɗaya na umarnin DCC, ɗaya na wuta, kuma ya kamata a yi amfani da su duka biyun, domin bai dace fitilu su cinye ƙarfin da jirage ke bukata ba. Ina kuma ba da shawara da babbar murya cewa wayar umarnin kanta a ɗauko ta daga na'urar sarrafawa kafin ta shiga abin da ke yanke wutar dogo idan wayoyi sun haɗu. In an yi haka, ranar da jirgi ya kutsa mahaɗar dogo da ba a buɗe masa ba har wutar dogo ta ɗauke, mahaɗa da sigina za su ci gaba da jin umarni, sai a juya mahaɗar a warware matsalar ba tare da an ɗaga jirgi da hannu ba.

Kafin a sayi dikoda, a duba yadda aka haɗa fitilun siginar a cikinta. Akwai wadda fitilunta suka yi tarayya a wayar fozitif, akwai kuma wadda suka yi tarayya a negatif, kuma mafi yawan dikodoji an ƙera su ne don nau'in farko. Idan aka haɗa su a saɓe, babu fitilar da za ta kama. Gano nau'in ba shi da wuya: a ɗauki batir mai volt 9 da rezisto, wato abin da ke rage yawan wutar da ke ratsawa, mai om 1000, a taɓa wayar tarayya da fozitif, a taɓa wata wayar da negatif ta cikin reziston, in fitila ta kama an san irinta.

Reziston nan shi ne rayuwar fitilar. Jar LED tana cin kusan volt 2, sai a cire 2 daga 12 a samu 10, a raba da miliamfiya 10 da ake so ta ratsa, wato amfiya 0.01, a samu om 1000. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zan sa, amma a ganina fitilun yanzu sun cika haske, kuma siginar da ke haska gefen tarago kamar tocila tana ɓata kamannin gaskiya da ake nema, don haka om 2200 ko sama da haka ya fi kyau a ido. Kowace fitila a ba ta nata reziston, kada a sa guda ɗaya a wayar tarayya, musamman a siginar Birtaniya mai fuska huɗu, inda ruwan ɗorawa biyu ke kamawa tare, domin za su raba wuta haskensu ya dusashe. A lura kuma wasu siginonin suna zuwa da rezisto a jikin wayarsu, kuma ba a yanke shi sai an tabbata dikodar tana da nata.

Batun adireshi ya fi kyau a gama shi a kan benci kafin a ɗaure komai ƙarƙashin tebur. Adireshin kayan gefen dogo daban yake da na jirage, yana kaiwa 2044, kuma an jera shi rukuni-rukuni na huɗu. Dikodoji da yawa suna da maɓallin koyo: a danna shi, a aika umarni daga na'urar sarrafawa zuwa lambar da ake so, dikodar ta riƙe ta. Idan sigina ta ƙi amsawa, a gwada ƙara 4 ko rage 4, saboda tsofaffin na'urorin Roco suna fara ƙirga da tazarar huɗu daga na Lenz, kuma wannan saɓani ya sa mutane da dama sun zargi dikoda mai lafiya. A rubuta lambar a takarda a manna kusa da dikodar.

Har zuwa nan da hannu ake canza siginar. Don ta koma ja da kanta bayan jirgi ya wuce, sai an raba dogo zuwa sassa ta hanyar yanka ƙarfe ɗaya a cusa mahaɗin roba, sannan a bi da wayar kowane sashe ta cikin na'urar da ke jin ana jan wuta, irin su BD20 ta NCE. Kan jirgi yana jan wuta, amma taragon kaya ba ya ja, shi ya sa ake liƙa ƙaramin rezisto mai om 10,000 tsakanin ƙafafun wasu taragu, aƙalla na ƙarshe, don kada sigina ta ba da kore alhali wutsiyar jirgin tana cikin sashen. Labarin yana iya tafiya kai tsaye zuwa sigina, ko ya bi layin sadarwa irin LocoNet ko s88 zuwa kwamfuta, inda manhaja irin JMRI, wadda kyauta ce, ke yanke hukuncin launin da za a nuna.

Sai dai jar fitila ba ta tsayar da jirgi da kanta. Hanya mafi sauƙi ita ce birkin ABC na Lenz, inda ake ware wani yanki na ƙarfen dama gabanin sigina, a ba shi wuta ta cikin dayod biyar, abubuwan da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, huɗu a jere suna fuskantar gefe guda, ɗaya tana fuskantar akasinsu. Wannan yana sa ɓangare ɗaya na wutar ya ɗan gaza ɗayan, dikodar jirgin ta gane, ta rage gudu a hankali har ya tsaya fitilunsa na ci. Idan sigina ta koma kore, rile, wato makunnin da wuta ke juyawa, yana tsallake dayod ɗin, jirgin ya tashi. Dole dikodar jirgin ta kasance mai fahimtar ABC, a kuma kunna shi a CV27, wato gurbin saiti na 27 a cikin dikodar, sannan tsawon yankin ya ishi jirgi mafi gudu ya tsaya kafin hancinsa ya wuce sandar siginar.