Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa fiyano da fad na MIDI da manhajar kiɗa

A watan da ya wuce wani matashi ɗan wajen Funtuwa, wanda yake taya yayansa sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ya zo situdiyonmu da ke Agege a Legas da ƙaramin fiyano mai maɓalli 25 a cikin jaka, ransa a ɓace. Ya ce, “Oga, an cuce ni a Alaba, na jona shi da wuta fitilu sun kama, amma ko ƙara ɗaya ba ya yi.” Na ce masa, “Ƙanena, zauna tukuna, ba wanda ya cuce ka.” Na'urar tasa lafiyarta ƙalau, sai dai ya saye ta bai san mene ne aikinta ba, kuma daga wannan rashin sanin ne kusan duk kurakuran da nake gani suke tasowa, daga masu koyo har zuwa waɗanda suka yi shekaru suna yi wa mawaƙa kiɗa.

Kwantirolar MIDI, ko ta fiyano ce ko ta maɓallan bugu na roba da 'yan situdiyo ke kira fad, ba ta da sauti a cikinta. Abin da take aikawa ta waya saƙo ne kawai: wace nota aka taɓa, da wane ƙarfi, yaushe aka sake ta. Haka aka tsara MIDI tun 1983, lokacin da Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan, tare da wasu masu ƙera kayan kiɗa, suka amince da harshe ɗaya da na'urori za su riƙa magana da juna. Sautin yana fitowa ne daga manhajar da ke cikin kwamfuta, FL Studio ce ko Cubase ko Ableton Live. Wanda ya saba da Yamaha PSR, irin wanda makaɗan biki suke ɗauka daga unguwa zuwa unguwa, shi ya fi faɗawa wannan ruɗani, domin PSR yana da sautukansa da lasifikarsa, alhali Akai MPK Mini na yau da kullum ko Novation Launchpad sai an haɗa su da kwamfuta. Saboda haka kafin mutum ya ba da kuɗinsa a kasuwar kayan lantarki ta Alaba ko Computer Village da ke Ikeja, ya tambayi kansa ko kayan fita wasa yake nema ko kayan zama a situdiyo. In kuma na hannu zai saya, ya sani cewa manhajojin kyauta da suke zuwa da na'urar galibi mai ita na farko ya riga ya yi musu rajista da sunansa, don kada a ƙara masa kuɗi da sunansu.

Daga wannan sai matsalar waya, wadda ba ta buƙatar dogon bayani. Wasu wayoyin USB masu arha da ake sayarwa a bakin titi na caji ne kawai, suna ɗaukar wuta amma ba sa ɗaukar saƙo, shi ya sa fitilun na'ura za su kama kwamfuta kuma ta ce ba ta ga komai ba. A gwada da wata waya kafin a zargi na'ura. A kuma jona ta kai tsaye a jikin kwamfuta, domin ramin USB 2.0 ɗaya miliyamfiya 500 yake bayarwa, kuma idan aka raba shi tsakanin fiyano da fad da linzami da filashi ta wani ɗan akwatin rabo marar wutar kansa, na'urar za ta riƙa ɗaukewa a tsakiyar aiki.

Ko da kwamfuta ta gane na'ura, manhajar kiɗa ba za ta saurare ta ba sai an ba ta izini. A FL Studio ana danna F10, a zaɓi sunan na'urar a jerin masu shigo da saƙo, a kunna Enable. A Ableton Live kuma ana kunna Track idan ana son buga nota, a kunna Remote idan ana son murɗa maɓallan su sarrafa manhaja. Mutane da yawa suna buɗe manhaja sannan su jona kwantirola, alhali abin da ya fi aminci shi ne a jona ta tukuna. A kwamfutocin Windows da yawa manhaja ɗaya ce kawai za ta iya riƙe ƙofar MIDI a lokaci guda, don haka idan manhajar saita na'urar tana buɗe a baya, manhajar kiɗa ba za ta samu hanya ba sai an rufe waccan.

Jinkiri shi ne abin da ya fi kashe wa makaɗi gwiwa, kuma a nan nake son mai karatu ya ɗan nutsu. Mutum zai bugi fad, sautin ganga ya zo bayan hannunsa ya riga ya tashi, sai ya yanke hukunci cewa kwantirolarsa ta jabu ce ko kwamfutarsa ta tsufa. Saƙon MIDI da kansa ba ya ɗaukar wani lokacin kirki. Jinkirin yana faruwa ne wajen fitar da sauti, domin kwamfuta tana tara sautin a wani ɗan rumbu da ake kira bafa kafin ta tura shi ga lasifika. Idan ana aiki a kan samfuri 44,100 a daƙiƙa, bafa mai 1024 tana jawo jinkirin kusan kashi 23 cikin dubu na daƙiƙa, mai 512 kusan kashi 12, mai 256 kusan kashi 6, mai 128 kuma kusan kashi 3, ban da ɗan abin da direba da saunkad za su ƙara. Tun da sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, jinkirin kashi 23 daidai yake da a ce gangar da kake bugawa tana nesa da kunnenka da kusan mita takwas, kuma babu makaɗin da zai riƙe kari a haka. Gyaran yana da matakai biyu. Na farko, a Windows a bar direban sauti da ya zo da kwamfuta, wato manhajar da ke haɗa ta da na'urar sauti, a koma ASIO, wanda kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro. Mai saunkad, wato akwatin shigar da sauti da fitar da shi, ya sauke direban kamfanin da ya ƙera ta, marar ita ya yi amfani da ASIO4ALL ko FL Studio ASIO. Na biyu, a sauke bafa zuwa 128 ko 256 lokacin bugawa, a mayar da ita 1024 lokacin tace sauti, inda jinkiri ba ya cutar da kowa. Idan sauti ya fara tsatsagewa bayan an sauke bafa, a kashe ƙananan manhajojin gyaran sauti (plugin) masu nauyi da ke kan layin masta, inda duka sautuka ke haɗuwa, har a gama ɗauka, domin wasunsu, musamman masu hana sauti wuce iyaka, suna ƙara nasu jinkirin. Abin kunne na Bluetooth kuwa a ajiye shi gefe gaba ɗaya, jinkirinsa ya fi ƙarfin kowane saiti.

Masu fad suna da wata damuwa tasu, wato a bugi maɓallin farko da niyyar babbar ganga sai a ji faranti, ko a ji shiru. Kowane fad lambar nota yake aikawa, daga 0 zuwa 127, a ɗaya daga tashoshi 16 na MIDI. A tsarin General MIDI na 1991 an ware tasha ta 10 domin ganguna, inda lamba 36 take babbar ganga ta ƙafa, 38 sinya, wato ƙaramar ganga mai kaifin amo, 42 kuma faranti rufaffe. Drum Rack, wato jerin fad na gangunan Ableton, yana farawa daga 36, amma ba kowace na'ura ce ke zuwa a kan wannan jeri ba. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne sunan nota yana bambanta: nota mai lamba 60 ita ce C3 a Ableton, amma C5 a FL Studio, don haka wanda ya kalli darasi a YouTube da wata manhaja ya zo ya kwaikwaya a wata zai sami kansa oktab biyu, wato nota 24, nesa da inda ya nufa. A riƙa aiki da lamba a bar suna. A FL Studio, FPC, wato injin ganguna na cikin manhajar, yana iya koyon lambobin fad ɗaya bayan ɗaya idan aka sa shi saurare, kuma in an gama a adana tsarin don kada a riƙa maimaita wahalar kullum. Kafin duk wannan a duba maɓallin oktab da na banki, mai sauya rukunin fad, a jikin na'urar, domin sau da yawa hannu ne ya taɓa su ba a sani ba.

Wanda yake amfani da PSR a matsayin kwantirola yakan ji kowace nota tana fitowa sau biyu, ko ya ji sautin fiyanon yana cakuɗa da na manhaja. Maganinsa a shiga saitin MIDI na fiyanon a kashe Local Control. Fedar riƙe sauti da ke aiki a juye, tana riƙewa in an saki tana saki in an taka, ita ma ba lalacewa ta yi ba: a juya ɗan makunnin da ke ƙarƙashinta in tana da shi, ko a kashe fiyanon a sake kunna shi da fedar a jone ba tare da an taka ta ba.

Kuskuren da ya fi damuna kuwa ba ya hana na'ura aiki, waƙar yake lalatawa. Matasa da yawa suna kunna Full Level a fad ɗin Akai, wanda ke sa kowane bugu ya fita da ƙarfi 127, sannan su zaɓi duka notocin su daidaita su kan layin 1/16, wato layukan da manhaja ke raba lokaci da su, ɗari bisa ɗari. Sakamakon shi ne kiɗa mai tsabta amma busasshe, wanda kowa zai gane inji ne ya buga. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu a gidan biki a Idi-Araba ko Agege ya san cewa bugu biyu a jere ba sa zuwa da ƙarfi ɗaya. Akwai bugun da ke ɗauke da kari, akwai ƙananan da ke cike tsakani, waɗanda da ƙyar ake jin su amma in aka cire su rawa ta mutu. Idan fad yana da tauri har sai an dake shi kafin ya amsa, a canja lanƙwasar ƙarfin bugu a saitin na'urar zuwa mai laushi, maimakon a kashe bambancin gaba ɗaya. Sannan kiɗanmu da yawa yana tafiya ne a kan kari mai kashi uku, irin wanda ake rubutawa 6/8, kuma layin 1/16 kashi huɗu yake raba bugu, don haka idan aka tilasta masa wannan layin sai notocin su faɗa inda ba nan makaɗi ya sa su ba. A sauya layin zuwa na uku-uku, a rage ƙarfin daidaitawar zuwa rabi ko ɗan sama da haka, yadda za ta gyara kuskuren hannu ba tare da ta share salon hannun ba. A nawa ganin, babbar ganga kaɗai ta cancanci a ɗaure ta daram a kan layi, sauran a bar su yadda aka buga in dai ba su kauce sosai ba. Roger Linn, wanda ya tsara MPC60, na'urar ganguna mai fad da Akai ta fitar a 1988, ya sa mata saitin suwing ne domin irin wannan buƙata, inda 50 take miƙaƙƙen kari, 66 kuma take kusan uku-uku.

Haka nan kalangu ganga ce mai magana, kuma maganar tata daga matse tsarkiya da hammata take fitowa. Wanda ya ɗora sautin kalangu ɗaya a fad ya yi ta bugawa ya rasa wannan hawa da saukar murya. 'Yar tayar lanƙwasa murya da ke gefen hagu na fiyano za ta iya kusanto da shi, sai dai yawancin manhajoji suna zuwa da iyakarta a rabin-murya biyu sama da biyu ƙasa, wanda ya yi wa kalangu kaɗan. A faɗaɗa ta zuwa biyar ko bakwai, a ɗauki bugun da farko, sannan a sake bi ta kai a ɗauki lanƙwasar ita kaɗai. Duk da haka, idan waƙar ta dogara ga kalangu, ni na fi ganin a kira makaɗi a sa masa makirufo, tun da ba su yi ƙaranci a Legas ba.

Wutar lantarki da yanayin garin nan su ma suna da nasu rabo. Lokacin da aka ɗauke wutar NEPA ana juyawa zuwa janareta, ƙarfin wutar yakan yi tsalle, kuma kwantirola mai cin wuta daga USB takan ɗauke har manhaja ta daina ganinta, wani lokaci nota ta maƙale tana ta kuka. A FL Studio danna maɓallin tsayarwa sau biyu yana yanke ta. Mai kwamfutar tebur ya sa UPS, kowa kuma ya cire kaya daga soket kafin a juya layi. Idan ana jin gunji ko tsuwa a lasifika da zarar an jona kwantirola, a zare cajar laftof a saurara. In ƙarar ta tafi, to daga hanyar wuta take, kuma gyaranta shi ne a haɗa duka kayan a soket ɗaya ko a sa abin keɓe wutar USB (isolator), amma kada a karya ƙafar as ta fulogi, wato ta uku mai kai wuta ƙasa, domin ita ce ke kare rai. Danshin damina da ƙurar hunturu suna shiga maɓallan murɗawa har su riƙa aika saƙo da kansu, sai a ga ƙarar wani layi tana motsi ba wanda ya taɓa. Ƙaramar manhaja irin MIDI-OX a Windows tana nuna duk saƙon da ke fitowa daga na'ura, ta nan ake gane maɓallin da ke da laifi a cire shi daga aiki ko a kai a wanke shi. Rufe na'ura da kyalle bayan aiki yana rage wannan sosai.

Akwai kuma abin da ke faruwa idan an gama kiɗa za a tura shi Kano ko Kaduna domin mawaƙi ya hau kai. Mutum zai aika fayil ɗin MIDI ta WhatsApp saboda ba shi da nauyi, can a buɗe shi a ji wani sauti dabam, domin fayil ɗin umarni kawai yake ɗauke da shi, sautukan suna nan a kwamfutar Legas. A fitar da kowane layi a matsayin WAV, duka su fara daga daƙiƙa ɗaya, a rubuta saurin kiɗan da makullinsa a jikin sunan fayil, sannan a haɗa da na MIDI ɗin domin in suna son canja wani sauti a can su samu dama.