Makon Farko a Hamada: Kurakuran da Ke Sauke Mahaya Daga Kan Keke

Duk tafiyar ayari da na yi da keke a hamada, kafin kwana na huɗu sai an ɗora wani a motar kaya, shi da kekensa. Kuma galibi wanda ya fi kowa zafi a ranar farko ne. Na gaji da ganin abin nan yana maimaituwa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskure shi ne gaggawa. Jiki yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi: ruwan jini ya ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke bin gumin ya ragu. Kafin nan, ƙarfin da ka tara a gida ba zai biyo ka duka ba. Dubi Tour d'Afrique, tafiyar ayarin kekuna da ke ratsa Afirka, wadda aka fara a Janairun 2003 daga Alƙahira zuwa Cape Town: a lokacin tafiyar wata huɗu ce, wajen kilomita 120 a rana. Mai irin wannan hanya a gabansa, me zai ci da tseren ranar farko?

Ni a kwana na uku ta same ni. Na manne wa 'yan gaba tun safe, ina ta ɗura ruwa zalla gora bayan gora, a tunanina ina kiyaye kaina. Rana na karkatawa kaina ya fara sarawa, zuciyata na tashi, yatsuna suka kumbura har safar hannu ta matse ni. Farin gishiri ya bushe a kafaɗun rigata kamar an zana da alli. Gishirin jinina ne ya yi ƙasa, ni kuma ina ƙara tsinka shi da ruwa. Kwana biyu na yi a mota ina kallon abokan tafiya ta taga, kuma sai da na yi mako guda kafin ƙafafuna suka dawo daidai. Har yau abin yana ci mini rai, domin an gaya mini, ban ji ba.

Tun daga nan gora biyu nake ɗauka: ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri da sukari, wato lita 1 da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kurɓa nake yi duk minti 15, ina cin wani abu duk awa ko ba na jin yunwa. Wasu sun fi son ƙwayoyin gishiri na kanti, ni dai wannan ya karɓe ni. Ka riƙa duba fitsarinka: in ya yi duhu kuma kaɗan ne, ruwa ya yi maka ƙaranci. In kuwa abokinka ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi a kan hanya, kada ka tsaya tambayarsa ko zai iya. Sauke shi, kai shi inuwa, jiƙa shi sharkaf, yi masa fifita, a kira mota. Zafin jiki in ya kai digiri 40 da ruɗewa, rai ake magana.

Sai sirdi. Don Allah, wa ya ce muku ana sayen sabon sirdi ana gobe tafiya? Sirdin da ba ka yi wata biyu a kansa ba, bar shi a gida. Kuma wandon keke mai katifa ba a sa masa kamfai a ciki, ɗinkin ne zai yanka ka. Na taɓa yin sakaci, na kwana biyu da wando ɗaya saboda ruwan wanki ya yi wuya, na kuma zauna hira a sansani da shi jiƙe da gumi. Ƙurji ya fito, ya zama maruru, sai da aka tsaga shi. Kwana biyar ban hau keke ba. Yanzu ina isa sansani, kafin in kafa tanti, nake cire wandon, in goge jiki da rabin gorar ruwa, in shanya shi a baibai rana ta dake shi. Wando uku nake juyawa. Kunya ce ke hana sababbi faɗa da wuri, sai abu ya ruɓe su zo suna ɗingishi. Ka faɗa tun yana ja.

Sauran ƙanana ne, amma suna tara wahala. Kada ka lafta wa sarƙa mai, yashi zai manne ya cinye ta. Ɗiga kaɗan, goge da tsumma. In kun shiga rairayi, rage iskar taya. In ka yi faci, shafa cikin tayar da yatsa ka nemo ƙayar kafin ka mayar da tiyub, in ba haka ba za ka sake yi bayan kilomita ɗaya. Taho da rigar sanyi, don hamada da asuba tana sa haƙora kaɗawa. Riga mai dogon hannu ta fi singileti. Ka ɗaure kayanka tun dare, a tashi da fitowar rana.

Bin bayan wani yana rage maka kusan kashi 30 cikin 100 na wahalar iska, amma kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayarsa ta baya. Ya ɗan kauce wa rami, kai ne a ƙasa, da duk wanda ke bayanka.

Abin da ba na yafewa shi ne a bar na ƙarshe shi kaɗai. A ayarinmu, kowace safiya ana naɗa mutum biyu su zauna a baya, da fanfo da kayan faci da ƙarin ruwa, kuma ba a barin wurin hutu sai an ƙirga kowa da sunansa.