Yadda Ake Rage Girman Hoto Ba Tare da Ya Dushe Ba

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke zuwa shagunan kwamfuta na Samaru domin ɗora hoton fasfo a intanet sukan tarar fuskarsu ta dushe bayan an rage hoton. A fara da hoton asali, domin WhatsApp yana matse duk hoton da ba a turo shi a matsayin fayil ba. A manhajar gyaran hoto ta Photoshop, a kulle tsawo da faɗi tare don su ragu daidai, a zaɓi Bicubic Sharper (hanyar rage hoto da ke riƙe kaifinsa), sannan a rage a karo ɗaya. Bayan ragewa ne ake ƙara kaifi, kuma kaɗan ya wadatar, don idan ya yi yawa farin layi kan fito a gefen hula da kunne. A adana hoton a tsarin fayil na JPEG sau ɗaya tak, saboda maimaita adanawa yana cin ingancinsa.