Yadda ake bin sawun sojan doki da ya mutu a Little Bighorn

Yaƙin Little Bighorn an yi shi ne ranakun 25 da 26 ga Yuni 1876 a yankin Montana na Amurka, tsakanin rundunar dawaki ta 7 ta sojan Amurka da mayaƙan Lakota da Cheyenne, ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Ɓangaren soja ya rasa mutum 268, kuma kusan 210 daga ciki sun faɗi ne tare da Laftanar Kanar George Custer, ba wanda ya tsira. Mai son gano tarihin kurtu guda daga cikinsu zai tarar da rayuwarsa a rubuce, amma mutuwarsa sai an yi hattara.

Fara da rajistar ɗaukar soja da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Washington. Layi ɗaya ne ga kowane mutum: suna, shekaru, garin haihuwa, sana'a, tsawo, launin ido da na gashi. Siffar jikin ita ce abin riƙewa, domin sunan yana iya zama na ƙarya. Masu gudun bashi da waɗanda suka taɓa tserewa daga soja sukan shiga da sunan aro, yara kuma su ce sun cika 21. Kusan kashi 40 cikin ɗari na rundunar haifaffun waje ne, yawanci daga Ireland da Jamus, kuma akawu yadda ya ji suna haka yake rubutawa, saboda haka gwada rubutu biyu ko uku.

Daga nan sai takardar kiran suna ta kamfaninsa, wato rukuninsa a cikin rundunar, wadda ake cikawa duk bayan wata biyu a lokacin. A nan za ka ga jinya, tara, kurkuku da ƙarin girma. A lokacin kurtu yana sa hannu ne na shekara biyar a kan dala 13 a wata. Takardar ƙarshen Yuni 1876 ita ce mai nuna wanda aka kashe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga mutum ɗan kamfanin C, E, F, I ko L, wato biyar ɗin da suka bi Custer, a ɗauka yana wurin. An bar waɗansu a sansanin kogin Powder don ba su da doki, an kuma ware waɗansu su raka alfadaran kaya. Haka nan kada ka zana shi da takobi a hannu. An bar takubba a baya. Abin da ya ɗauka shi ne gajeriyar bindiga Springfield da harsashi 100, rabi a jikinsa rabi a jakar sirdi, da ƙaramar bindiga Colt da harsashi 24. Doki ya tsere, rabin harsashi ya tafi ke nan.

Takardar lissafin ƙarshe ta mamaci tana nuna abin da gwamnati za ta biya shi da bashin da ya bari, har na mai wanki da mai kantin bariki. Amma inda nama yake shi ne fayil ɗin fansho. Uwar da ke neman fansho sai ta nuna cewa ɗanta ne ke ciyar da ita, don haka iyaye mata suka miƙa wasiƙun 'ya'yansu a matsayin shaida, ba a kuma mayar musu ba. A can ne za ka ji muryarsa yana kukan sanyi, yana alkawarin aiko da dala biyar.

Wurin da ya faɗi kuwa, kada fararen duwatsun da aka kafa a filin don nuna inda sojoji suka faɗi su ruɗe ka. An binne gawawwakin ne ranar 28 ga Yuni cikin gaggawa, shebur kaɗan, ƙasa busasshiya, an ɗan yayyafa musu ƙasa kawai. A 1877 aka kwashe gawawwakin hafsoshi, Custer aka kai shi West Point, makarantar horar da hafsoshin soja. A 1881 aka tattara ƙasusuwan sauran a kabari ɗaya ƙarƙashin dutsen tunawa. Sai 1890 aka kafa fararen duwatsun, shekara 14 bayan yaƙin, kuma sun fi yawan mamatan wannan fili da kusan 40. Inda ka ga biyu kafaɗa da kafaɗa, sau da yawa mutum ɗaya ne: ramukan da aka kwashi ƙasa hagu da damansa aka ɗauka kaburbura biyu.

Abin da zai taimaka shi ne tonon da aka yi a 1984 da 1985, bayan gobarar daji ta 1983 ta share ciyawa. An bi tabon da kowace bindiga ke bari a kwanson harsashi aka gano inda ta zagaya a filin. Haɗa wannan da bayanan mayaƙan Lakota da Cheyenne, irin zanen da Red Horse, wani shugaban Lakota, ya yi a 1881, domin su ne suka ga ƙarshen. Idan ba sunan wanda ya shaida gawarsa, rubuta cewa ya mutu tare da kamfaninsa, ka tsaya nan.