Yadda Ake Haɗa Sabuwar Kaza da Kajin Gida

Kaji suna zaman su ne bisa tsari na girma da fifiko, inda kowace ta san wadda za ta kauce wa a wurin cin abinci da wadda za ta iya kora. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ne ya fara bayyana wannan tsari dalla-dalla a farkon shekarun 1920. Shigowar baƙuwa tana rikita tsarin, shi ya sa idan aka jefa ta cikin akurki kai tsaye sai sauran su yi mata taron dangi. Akwai kuma haɗarin da ya fi faɗa muni, wato cuta, don haka aikin kashi biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a lokaci guda ba.

Mataki na farko shi ne killacewa. A ajiye sabuwar kazar a wani keji na daban, nesa da akurki gwargwadon yadda fili ya bayar, har tsawon kwana 30, ko da kuwa tana da kuzari kuma gashinta yana sheƙi. Dalili shi ne cututtuka irin su Newcastle kan ɗauki kwana 2 zuwa 15 a jiki kafin alamarsu ta fito, kuma wahalar sauya wuri takan tayar da ciwon numfashin da ya kwanta. A ba ta mazubin ruwa da na abinci nata na kanta, a fara kula da tsofaffin kajin kafin a je wurinta, sannan a wanke hannu, a kuma sauya takalmi, domin kashin da ya manne a tafin takalmi ya isa ya kai cuta. A cikin waɗannan kwanaki a riƙa ɗaga fukafukanta ana buɗa gashin da ke ƙarƙashin wutsiya don neman ƙwarƙwata da ƙwayayenta, waɗanda kan taru fari-fari a gindin gashi. A lura da atishawa, da yoyon hanci, da kumburin ido, da zawo, da dusashewar launin zanko. Idan aka ga ɗaya daga ciki, a nemi likitan dabbobi, a kuma sake lissafin kwanakin daga ranar da ta warke. A ganina wannan ne matakin da aka fi yi wa gaggawa, alhali shi kaɗai ne wanda kuskure a cikinsa kan iya cinye kajin gidan gaba ɗaya.

Mataki na biyu shi ne su ga juna ba tare da sun taɓa juna ba. A kawo kejin kusa da inda kajin ke wuni, ko a raba filin da ragar waya, a bar su haka kamar mako guda. Da farko za a ga manyan suna zagaye ragar suna miƙe wuya, gashin wuyansu a tashe, wasu ma suna kai sara ta cikin ramukan wayar. A riƙa watsa tsaba a ɓangarorin ragar biyu domin su saba cin abinci kusa da juna. Ranar da aka ga sun daina kula ta, kowa yana tonon gabansa, to lokacin buɗe raga ya yi.

Kafin a buɗe, a gyara wurin. A ƙara mazubin abinci da na ruwa, a nisanta su ta yadda kaza ɗaya ba za ta iya tsare duka biyun ba, domin baƙuwa takan rame ne saboda an hana ta ci, ko da ba a ji mata rauni ba. A jingina katako ko a ajiye wani abin da za ta iya ɓuya a bayansa, amma ya kasance yana da mafita biyu, kada a ritsa ta a lungu. Kowace kaza tana bukatar kimanin murabba'in mita ɗaya a filin wuni, kuma cunkoso yana ƙara zafin faɗa.

Haɗuwar farko a yi ta a fili mai faɗi, da yamma, mai kiwo yana tsaye. Za a yi sara da kora da fizgar gashi, kuma wannan ba abin tsoro ba ne, ta haka suke sake shirya matsayinsu. Abin da ba a bari shi ne jini, domin kaji suna bin ja da sara, ƙaramin rauni kan zama babba cikin ɗan lokaci. Da zarar an ga jini a cire ta, a wanke ciwon, a jira ya warke sarai. Idan kuwa kaza ɗaya ce ta matsa mata, ita za a ware na 'yan kwanaki, domin idan ta dawo takan tarar matsayinta ya ragu.

Daren farko a ɗora baƙuwar a kan sandar kwana bayan duhu ya yi, tunda kaji ba sa gani sosai da dare, sannan a yi sammakon buɗe akurkin kafin gari ya waye su tsare ta a ciki. Kawo biyu tare ya fi kawo ɗaya sauƙi, saboda sara yakan rabu, kuma kada a haɗa 'yar budurwar kaza da manya sai girmanta ya kusa nasu. Yawanci lamarin yakan lafa cikin mako biyu zuwa uku, kuma idan baƙuwar ta dakata da yin ƙwai a wannan tsakani, za ta ci gaba da zarar hankalinta ya kwanta.