Kurakuran da aka fi yi wajen gwada ɓoyayyen abu marar nauyi da juyawar galaksi

Ra'ayin da Hu, Barkana da Gruzinov suka kawo a 2000 shi ne, idan nauyin ƙwayar ɓoyayyen abin da ke riƙe da galaksi bai wuce kimanin 10⁻²² eV (ma'aunin nauyin ƙananan ƙwayoyi) ba, to za ta riƙa tafiya kamar igiyar ruwa, ta dunƙule a tsakiya ta zama curin da ake kira solitan. Gwajin, wanda ake yi da gudun juyawar galaksi, yana cikin kilofasek ɗaya ko biyu na tsakiyarta (kilofasek nisa ne na tafiyar haske ta kimanin shekara 3,260), daidai inda awo ya fi ruɗi.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne a bar kowace galaksi ta zaɓi nata nauyin ƙwaya, m. Lissafi zai dace, zane ya yi kyau, amma ba a gwada komai ba, domin ƙwayar iri ɗaya ce a ko'ina. A ɗauki galaksi 175 na SPARC, rumbun bayanan juyawar galaksi, a ɗaure su da m guda, sannan a gani ko ra'ayin zai tsaya. A nan ake jin jiki: ga solitan, cunkoson tsakiya yana raguwa bisa r⁻⁴ yayin da faɗin curin, r, ke ƙaruwa, alhali cibiyoyin da aka auna sun fi kusa da r⁻¹. Wanda ya saki m ba zai taɓa ganin wannan saɓani ba.

Haka nan kada a yi wa girman solitan sakaka. Kwaikwayon kwamfuta na Schive da abokan aikinsa a 2014 ya nuna nauyin curi yana bin nauyin dukan ɓoyayyen abin galaksi bisa M^(1/3). Idan m ta kai 10⁻²² eV, jimillar kuma nauyin rana biliyan ɗaya ce, faɗin curin daga tsakiya kilofasek 1.6 ne. Nitsan Bar da abokan aikinsa sun nuna a 2018 cewa wannan alaƙa tana buƙatar tudu a zanen gudu (zanen da ke nuna gudun juyawa daga tsakiya zuwa gefe) can ciki, mai tsayi kusan ɗaya da na waje, kuma galaksi da yawa ba su da shi. A yi lissafin sau biyu, da alaƙar da kuma ba ita, a bayyana duka.

Sai karkatar galaksi. Gudun gaskiya shi ne wanda aka auna a raba da sin i, inda i take nufin kusurwar karkatar. A digiri 30, kuskuren digiri 5 kacal yana canza gudu da kusan kashi 15 cikin ɗari, nauyi kuwa da kusan 30. A ajiye duk wadda karkatarta ta gaza digiri 30, da masu alamar inganci ta 3, wato mafi ƙarancin inganci a SPARC.

Na'urar rediyo mai kama layin haidirojin na santimita 21 tana shafe tsakiya idan tantancewarta ba ta kai ba, sai ta ƙirƙiro cibiyar ƙarya ko ta danne tudun da ake nema. Maganinsa a daidaita bayanan kai tsaye da manhaja irin 3D-Barolo, ko a zubar da ɗigon da ke cikin faɗin hasken na'urar. A ƙananan galaksi masu gudun kilomita 20 zuwa 30 a daƙiƙa, motsin gas na barkatai na kusan kilomita 8 zuwa 10 yana ɗauke wani kaso na nauyi, dole a gyara shi.

Taurari ma suna iya cinye tudun solitan idan aka ƙyale nauyinsu ya yi yawo. A hasken maikiron 3.6, a fara da rabon nauyi da haske (bisa ma'aunin rana) na 0.5 ga faifan galaksi, 0.7 ga kumburin tsakiya, a kuma ninka haidirojin da 1.33 saboda hiliyam.