Yadda Za Ka Auna Bugun Zuciya Bayan Firgita

Idan mota ta kusa banke ka a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ta jijiyoyi zuwa wasu ƙananan sassan jiki da ke bisa ƙoda, su zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Shi ya sa gabanka ke dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi.

Ka nemi inuwa ka zauna. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Ga baligi mai hutawa, 60 zuwa 100 ne a minti. Riƙa fitar da numfashi a hankali, domin hakan na rage gudun zuciya. Idan ƙirji na ciwo, kada ka yi jinkiri, ka nufi asibitin Komfo Anokye.